Ga 'yar uwar da ke neman bakin ruwan da ba kowa a Perhentian

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Tun daren jiya na ga tambayarki, na fara rubutu na goge har sau biyu, don ta fama min wani miki da na ɗauka ya warke. Kin ce ke da maigida za ku je tsibiran Perhentian na nan Malaysia a hutun zangon nan tare da abokansa da matansu, ba ki iya ruwa ba, amma kina son a kai ki gefen da ba kowa, ki sake ki shiga ki leƙa kifaye ba idon maza a kanki. Kin kuma tambaya ko mace za ta iya bin hanyar dajin da ke hawa wurin manyan fankokin nan na samar da lantarki da iska. Wallahi kamar ni na rubuta. Har wannan "sun ce ba komai" da kika saka a ƙarshe, ni ma da shi aka ja ni.

Ba zan ce kada ki je ba. Sau biyu na je, kuma in Allah ya bar mu a ƙasar nan zan koma. Amma ki saurari yadda zuwana na farko ya kasance.

Mu shida muka tafi, gida uku. Akwai wani abokin maigidana da ya naɗa kansa ogan tafiya, shi ya tara kuɗi, shi ya kama masauki, shi ne masanin komai alhali sau ɗaya ya taɓa zuwa. Ba zan kama suna ba, matarsa tana cikin zauren nan ko ta fita ban sani ba, in tana nan ta san da ita nake. Muka hau motar dare daga TBS, babbar tashar motoci ta Kuala Lumpur, asuba ta yi mana a Kuala Besut, garin da ake hawa jirgin ruwa zuwa tsibiran, muka yi salla muka jira jirgin farko. Tafiyar ruwan minti 30 ce zuwa 45, amma ni sai na ji kamar wuni, don a gaba na zauna, jirgin yana ɗagawa yana buga ni da benci har sai da ƙuguna ya amsa. Ki zauna tsakiya ko baya, gara ruwa ya fantsamo miki. In kuma da juna biyu a jikinki, ko kina zargin akwai, ki haƙura da tafiyar gaba ɗaya, ba da wasa nake ba.

A ƙaramin tsibirin muka sauka, Kecil, kuma a Long Beach oga ya kama mana ɗaki don ya fi araha. Araha ba ta ado. Da rana ba inda za ki ajiye idonki saboda tsiraici, da daddare kiɗa da wasan wuta da kwalabe har tsakar dare. Shi ya sa washegari mu mata muka tayar da balli, muka ce mu dai a kai mu inda ba kowa. Kin ga ke nan da bakina na roƙi abin da ya same ni, wannan ban ɗora wa kowa ba.

Oga ya samo mai kwale-kwale, wani saurayi, ya yi ta ciniki da shi har sai da yaron ya ɓata rai. Ya biya shi kuɗin kaiwa da na ɗaukowa duka a hannu, bai karɓi lambarsa ba, bai ko tambayi sunansa ba. Aka zagaya da mu arewacin tsibirin aka sauke mu a wani ɗan lungu mai farin yashi, daji a bayansa, duwatsu dama da hagu. Yaron ya ɗaga yatsu huɗu, wato ƙarfe huɗu zai dawo, ya juya. Gaskiya wurin ya yi kyau, Allah ya yi halitta. Kina tsaye ruwa iya gwiwa kina ganin farcen ƙafarki, ƙananan kifaye suna zagaya ki. Mazan suka ce to bari su ba mu wuri, suka tsallaka bayan duwatsu can inda ba ma ganinsu, mu ma ba sa ganinmu. Muka yi ta murna.

Rigar ceton da aka ba ni ta yi min yawa, kuma igiyar da ke ratsawa ta tsakanin ƙafafu ta tsinke. Duk na shiga ruwa sai rigar ta taso ta shaƙe min wuya ta ture tabaran leƙen ruwa da ke fuskata. Matar oga ta ce in cire kawai, ai maigidanta ya ce ruwan gishiri ba ya nutsar da mutum, da kansa yake ɗaga ka. Ta ce kuma hoto ba ya kyau da ita. Ni da iyakar ruwan da na sani shi ne na bahon wanka da ambaliyar layinmu in damina ta yi nisa, na cire na ajiye a kan yashi. Kuma da dogon hijabina na shiga, irin namu na gida mai jan ƙasa, a kan doguwar riga.

Da farko lafiya lau. Na kifa fuskata, ina taka yashi, ina numfashi ta bututun da ke haɗe da tabaran. 'Yar uwa, abin da ke ƙarƙashin ruwan nan ba ya faɗuwa. Ni da na san murjani a wuyan kakata kawai, ga shi a raye, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwar rago. Ga wani kifi kore da shuɗi mai baki irin na aku yana ƙwaƙular dutse, har ƙarar haƙoransa kina ji a cikin ruwan, ƙaras ƙaras. Shi na bi. Taku ɗaya, taku biyu, ban san na nawa ba ne na kai ƙafa na ji ba ƙasa.

Na ɗago a firgice, ruwa ya cika bututun, na zuƙe shi gaba ɗaya. Ruwan teku ba kamar ruwan gishirin da kike kurkure baki da shi ba ne, ƙona maƙogwaro yake yi har cikin hanci. Hijabin ya kumbura ya taso sama kamar laima, sannan ya kife min a fuska ya manne. Ina jan shi yana naɗe hannuna. Rigar ta naɗe ƙafafuna. Na so in yi ihu, wallahi ko "wayyo" ba ta fito ba, don duk sanda bakina ya leƙo sama iska nake nema, kafin in samu na sake komawa. A fim ne mai nutsewa yake kururuwa yana ɗaga hannu. Ni shiru na yi ta yi, sama da ƙasa, ina ganin hasken rana ta cikin yadin hijabi. Abin da ya zo min a rai ba wani babban abu ba ne, tunani na yi wa zai gaya wa Hajiyarmu, kuma da wane kuɗi za a kai gawa gida ko a nan za a binne ni. Kalmar shahada ma a zuci na yi ta, rabi da rabi. Can ƙafata ta taɓa wani dutse, na taka da dukkan ƙarfina don in ɗago, sai na ji kamar an soka min allurai ashirin a tafin ƙafa lokaci ɗaya. Bushiyar teku ce, baƙar nan mai dogayen ƙayoyi.

Ta ukunmu, wata baiwar Allah 'yar Damagaram, ita ma ba ta iya ruwa ba, shi ya sa tun farko ta zauna a gaɓa. Ita ta gane ba wasa nake ba. Ta shigo har ruwa ya kawo mata ƙirji, ta kwance zanin da ta ɗaura a kan wandonta, ta riƙe gefe ɗaya ta wurgo min ɗayan. Sau biyu tana wurgowa ina kuskurewa, a na uku na cafke. Da zanin atamfa aka jawo ni, 'yar uwa. Tsakanina da inda ƙafa ke taɓa ƙasa bai fi tsawon zanin nan ba. Da ta matso ta kama ni da hannu, da mu biyu za mu tafi, don a lokacin ko uwata ce ta zo danne ta zan yi. Allah ya saka mata da gidan Aljanna, ta koma gida yanzu, har gobe muna waya.

Matar oga kuwa tana tsaye ruwa iya cinya, waya a cikin 'yar jakar leda a wuyanta, tana ɗauka ta. Ta ce wai ta zaci wasa nake. To na yarda, a ce ta zaci. Amma ina kwance a yashi ina amayar da ruwa, ƙafata tana jini, ta ce min "kai, ke ma akwai raki." Da mazan suka zo a guje, maigidana jikinsa na ɓari, oga cewa ya yi ai da na saki jikina da ruwan ya ɗaga ni, tsoro ne ya ja min. Bai ce sannu ba sai da ya gama wannan bayanin. Bayan mun dawo da kwana biyu wata ta kira ni tana tambaya lafiya, wai ta ga bidiyona a sitatus ɗin matar, an saka fuskokin dariya guda uku an rubuta "'yar Kano ta ga teku." Ni da na nemi wurin da ba kowa don kada namiji ɗaya ya gan ni a jiƙe, sai ga ni a wayar duk wanda ke da lambarta, riga ta manne a jiki, kai ba ɗankwali. Na kira ta, ta ce ai wasa ne, ta cire. Har yau ba ta ce in yafe mata ba. Mun haɗu a walimar suna bara, ta miƙo min hannu tana washe baki kamar ba abin da ya faru, na amsa sallamarta don hakkin Musulunci ne, na tashi na canza wuri. Ana ce min in manta, ai ya wuce. Na bar ta da Allah, amma mantuwa ba a hannuna take ba.

Ban ma gama ba. Ƙarfe huɗu ta yi, ba yaro ba labarinsa. Biyar ta yi. Wayoyinmu ba sabis, ko da akwai ma wa za a kira? Ruwan shanmu gora biyu ne mu shida, ya ƙare tun azahar. Muka yi alwala da ruwan teku, wannan dai kin san ya halatta, muka yi la'asar a kan yashi muna fuskantar inda rana ke shirin faɗuwa, ni a zaune. Jirage suna wucewa can nesa, oga yana kaɗa riga, su kuma suna ɗaga mana hannu sun zaci gaisuwa ce. Ƙananan ƙudajen yashin nan masu cizo suka fito, ba kya ganinsu sai dai ki ji ƙaiƙayi, kuma tabonsu ya fi sati biyu a ƙafafuna. Sai wajen shida da rabi maigidana ya ce shi ba zai kwana a nan da ni a haka ba, ya shiga bayan itatuwa yana dubawa, ya tarar da wata 'yar siririyar hanya. Ashe duk zaman nan da muka yi, tsakaninmu da Teluk Kerma, inda akwai masauki da mutane da jirage, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba ce ga mai lafiya. Masanin komai bai sani ba. Goya ni maigidana ya yi a wurare masu hawa, a gaban abokansa, kunyar da nake gudu dai sai da na sha ta har na ƙoshi. Muka fito ana kiran magariba a waya, aka samo mana jirgi, kuma bayan ƙarfe bakwai kuɗin jirgi ninkawa yake yi. Maigidana ya biya na kowa, oga ya ce kuɗin hannunsa sun ƙare.

Wata dattijuwa a wurin, makcik (haka suke kiran inna) mai dafa abinci, ita ta zaunar da ni ta kawo ruwan zafi a roba, iya zafin da zan iya jurewa, ta ce in tsoma ƙafar. Kusan awa ɗaya ana ƙara ruwa, raɗaɗin ya sauka. Ta hana maigidana tono da allura, don ƙayar gautsi gare ta, tana karyewa a ciki. Da safe muka je ƙaramin asibitin da ke ƙauyen masunta aka cire waɗanda za su ciru, aka kuma saurari ƙirjina saboda tarin da na kwana ina yi. In mutum ya shaƙi ruwa, ko ya ce ya warware, a kai shi a duba. Baƙaƙen ɗigon nan sun daɗe a tafin ƙafata kafin su ɓace.

Don haka rigar ceto, ki gwada ta tun a kan tudu, ki ɗaure kowace igiya har ta tsakanin ƙafa, ki sa maigida ya kama kafaɗun rigar ya ja sama. In ta taso har kunnenki, a canza miki. Kada ki cire ta ko ruwan iya cibiya ne, ko wa ya ce. Mu fa abin nan muna raina shi tun daga gida. Ki tuna jirgin Bagwai a 2021, yara 'yan Islamiyya za su Mauludi, aka yi asarar rayuka masu yawa a ruwan da mutanen wurin suke ƙetarewa kullum. Duk shekara sai mun ji irinsa a Kebbi ko Neja, mu yi salati mu wuce. Ni yanzu yarana biyu duk Asabar suna wurin koyon ninƙaya, babansu ya yi ƙorafin kuɗin na ce a rage cefane. Ni ma na shiga ajin mata zalla, mace ke koyarwa, da girmana ina riƙe da allon roba ina buga ƙafa kusa da 'yan shekara bakwai.

Dogon hijabi kuma ki bar shi a ɗaki. Ki sayi kayan ninƙaya na Musulmi irin na matan Malay, riga mai dogon hannu da ta sauko cinya, wando, da ƙaramin tudung, wato ɗankwalinsu, mai shiga kai ba fil ba allura. Suna nan a shagon Decathlon da kasuwar intanet ta Shopee. Ki ajiye babban mayafi ko zani a gaɓa, kina fitowa ki yafa. Kuma gaskiyar da ban gane ba sai a zuwa na biyu, ba wanda ke kallonki. Matan Malay da kayansu suke shiga, har tsofaffi, jirgi guda cike da masu ɗankwali da rigunan ceto ruwan lemo suna yawo a kan ruwa. A cikinsu za ki ɓace. A zuwa na biyu mu kaɗai muka je ni da maigida, muka sauka a babban tsibirin, Besar, inda masu iyali suka fi yawa kuma dare shiru. Muka bi jirgin da ke zagayawa da mutane wuraren leƙen kifi, mai jirgin yana tsaye yana ƙirga kawuna, yaronsa yana cikin ruwa da tayar ceto, ni ina riƙe da igiyarta kamar akuyar da za a kai kasuwa. A haka na ga kififiya, ƙatuwa kamar faranti na gidan biki, tana cin ciyawa a ƙasa, ta taso ta shaƙi iska kusa da ni ta koma. A haka na ga 'yan kifin shak masu baƙin tabo a ƙarshen fiffike, su ne ma ke gudun mutum. Wanda za ki kiyaya wani ƙaton kifi ne mai kauri da manyan haƙora, in yana gadin ƙwansa yakan kai cizo, in mai jirgi ya nuna miki shi ki ja baya ta gefe. Kada ki taka murjani, yana yanka kuma yankansa yana saurin ruruwa, ga shi wurin gandun ruwa ne na gwamnati, shi ya sa ake karɓar kuɗin shiga tun a Kuala Besut. Ki sayi takalmin ruwa na roba. Tabaran kuma ki manna a fuska ba tare da igiya ba, ki ja iska ta hanci, in ya zauna to daidai ne, in ya faɗo ruwa zai shiga. Ki tofa yawu a ciki ki goga ki ɗauraye, ƙazanta ce amma tana hana shi yin hazo.

In kin nace sai wurin da ba kowa, to maigidanki ya tsaya kusa da ke, ba bayan dutse ba, mijinki ne. Abokansa su tafi nasu lungun. A biya mai jirgi kuɗin kaiwa kawai, na ɗaukowa sai ya dawo, a karɓi lambarsa, a kuma gaya wa masu masaukinku inda kuka tafi da lokacin dawowa. Ni na fi yarda da jirgin da masauki ya haɗa ku da shi, don ya san gobe ma zai nemi aiki a wurinsu. Kuma don Allah kada ku damƙa wa mutum ɗaya kuɗin tafiya saboda ya fi kowa baki. Tafiyar gayya da abokan miji ma ni na daina, ko Putrajaya ce da ke nan kusa.

Wane wata ne ma hutun naku? In ya faɗa tsakanin Nuwamba da Fabrairu ku canza shawara, lokacin iska da ruwan sama ne a gabar gabas, yawancin masaukai rufewa suke yi, jirage ma ba kullum ba. Daga Afrilu zuwa Satumba ya fi. Ku ciri kuɗi a Kuala Besut kafin ku hau jirgi, kada ku dogara da kati. Abinci akwai tsada kuma ba ya ƙosarwa, ni da yajina da garin kwaki da ƙuli-ƙuli na tafi karo na biyu, sai da maƙwabtan ɗakinmu suka roƙa. A ƙauyen masunta abinci ya fi sauƙi, kuma nan ne masallacin nan fari da aka gina a kan ruwa, in Juma'a ta same ku maigida ya samu jam'i. Ki shafa man kariya daga rana, kada ki ce ai mu baƙaƙe ne, bayan wuyana da bayan hannuna sai da suka saɓule.

Hanyar fankoki kuwa mace tana iyawa sarai, na hau a zuwa na biyu, muka ɗauki jirgi daga Besar zuwa Long Beach don ita kawai. Daga ƙarshen yashin ta arewa take tashi. Ba nisa ne da ita ba, hawa ne da zafi, gumi har cikin ido. Ku fita da sassafe kafin rana ta ɗaga, da takalmi mai igiya ba silifas ba, kowa da babbar gorar ruwa, da maganin sauro. Za ki ci karo da guza, manya ƙwarai, wani ya kai tsawon mutum, na ƙwalla ƙara har maigidana ya yi tuntuɓe, shi kuwa guzan ko kallo ban ishe shi ba, ya ja jikinsa ya shige ganye. A sama fankokin biyu ne, ranar da muka je ko motsi ba sa yi, amma daga can kina hango ruwan kala uku, da wata doguwar matattakala da ta gangara har teku. Kada ki sauka, hawowa ce za ta gaya miki. Hanyar ta zarce har Teluk Kerma, na tsaya ina kallon inda ta nufa, maigida ya ce mu ƙarasa mu gaida makcik, na ce ƙafata ba za ta ba, alhali ƙafar lafiyarta ƙalau.

Kayan ninƙayata suna nan, sau uku na saka, da takalmin ruwan lamba 39. In kina kusa da Serdang, nan gefen Kuala Lumpur, ki yi min magana ta gefe ki zo ki gwada, in sun yi miki ki tafi da su. Tabaran ne kawai ba zan bayar ba, ƙaramar tawa ta gatsa bakin bututun.